Ranar da Na Ce An Ɗage Biki

A Kankara aka haife ni, aure ne ya kai ni Faskari. Na tare da takardar shaidar malanta sabuwa fil a ƙasan akwati, da kuma wani ɗagin kai da ban san ina da shi ba sai daga baya. Na nemi aikin gwamnati, aka ce in jira. Da zaman gida ya ishe ni, maigidana ya yi mini magana wurin wani dattijo, tsohon hedimasta da ya yi ritaya ya buɗe 'yar makaranta a bayan gidansa. Ɗakuna uku ne na ƙasa da rufin kwano, an kewaye su da darni. Kowa Malam yake ce masa, har mu malaman.

Ranar da na fara, Malam ya kai ni ɗakin ƙarshe ya ce, "Ga ajinki."

Na leƙa. Babu benci, sai tabarmi biyu da randa a kusurwa. Yara sun kai talatin, daga masu shekara uku zuwa masu biyar, wasu da majina, wani ya rungume takalmansa yana ta sharar barci. Rabin aji ke nan, inda ake ajiye waɗanda ba su isa shiga aji ɗaya ba.

Na ce, "Malam, ai ni manya aka koya mini koyarwa."

Ya ce, "Na sani. Manya kowa zai iya da su. Waɗannan ne nake tsoron bai wa kowa."

Na ɗauka daɗin baki ne kawai, don kada in ji an raina ni.

Aikina ɗaya ne, in koya musu haruffan boko. Na yi yadda aka yi mini ina ƙarama: na rubuta su jere a allo, na karyo tsumagiyar darbejiya, ina buga allo ina faɗa suna amsawa. "E!" "E!" "Bi!" "Bi!" Kafin wata biyu sun iya rerawa tun daga farko har ƙarshe, da ƙarfi, har kwano yana amsawa. Iyayen da ke wucewa zuwa gona sukan tsaya a bakin darni suna murmushi. Wata mata ta tare ni a gidan suna ta ce ɗanta ko a banɗaki Turanci yake yi. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce a raina ashe aikin ba wuya.

Da bazara ta shigo aka kawo yarinyar. Kakarta ce ta riƙo hannunta, wata tsohuwa doguwa siririya, da tiren dafaffiyar gyaɗa a ka. Daga wani ƙauye ta wajen Sabuwa suka taso, lokacin da zama ya gagara a can, wani ɗan'uwansu ya ba su ɗaki a unguwarmu. Uwar yarinyar ta rasu, ubanta yana Kudu neman abinci. Ba ta wuce shekara biyar ba. Tana da manyan idanu, kuma ba ta ɗauke su daga kan abu da wuri.

Tsohuwar ta sauke tirenta ta gaishe ni har ƙasa, ni da ban kai 'yarta ba. Ta ce, "Malama, ga ɗiyarki nan na kawo miki. Bakinta na da nauyi, amma kanta ba nauyi. In ta fara magana ki ɗan yi mata haƙuri, za ta kai."

Na ce, "Ba komai, Inna. Ai duk haka suke."

Ba haka suke ba. Yarinyar i'ina gare ta, mai tsanani. In za ta ce "ruwa", sai ta runtse ido, wuyanta ya ɗaga, leɓɓanta su yi ta rawa kafin kalmar ta fito. A ajina kuwa al'ada ce kowane yaro ya miƙe shi kaɗai ya karanto haruffa. In layi ya zo kanta, "E" kan fita lafiya, sai ta maƙale a na biyu. Sauran yara su fara motsi, wani ya mintsini wani, wata ta nufi randa. Makon farko na jira ta. Mako na biyu na riƙa ƙarasa mata.

A lokacin ina da ciki wata biyar, ga zafi, kwano ya ɗau rana ɗakin kamar tanda. Na faɗi wannan ne don haka abin yake, ba don ya wanke ni ba. Wata ranar Laraba ta miƙe, ta tsaya a "bi" ɗin nan, tana ta "b-b-b", sai na ji bakina ya kwaikwaye ta. Na runtse ido yadda take yi, na ɗaga wuya, na ce, "B-b-b-b! Yau sai mu kwana a nan?"

Ajin ya kwashe da dariya, har na barci ya farka ya taya su. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni, ta dubi allo, ta zauna ta harɗe ƙafafu. Da aka tashi, ina ji yara suna bin ta a lungu suna "b-b-b". Na leƙa na daka musu tsawa, amma sun san a wurin wa suka koya.

Daga ranar ba ta sake buɗe baki a ajina ba. In na kira ta ta miƙe, ta tsaya shiru, har in ce ta zauna. Na mayar da ita baya kusa da randa, cikin 'yan shekara uku masu barci, na daina kiran ta. Kowa ya huta, a ganina.

Malam yana da ɗabi'ar shigowa aji ba sanarwa. Wata safiya, an fara yayyafin farkon damina, ya shigo ya tsaya yara suka rera masa haruffa kaf ba kuskure. Ina gefe ina jiran yabo. Ya karɓi tsumagiyar daga hannuna, ya ɗora ta a kan wani harafi can tsakiyar layi, ya kira yarinyar da na fi ji da ita, 'yar maƙwabciyata, mai zaƙin murya.

"Wannan mene ne sunansa?"

Ta dubi harafin, ta dube ni. Sai ta koma farkon layi ta fara, "E, bi, si, di," tana ƙirgawa da yatsa har ta ɓace. Ya tambayi yaro na biyu, ya bi su har na biyar. Wani ya ce "afil", wato tuffa da Turanci. Ba wanda ya sani.

Malam ya ɗauki tsumma ya goge allon tas, ya sake rubuta haruffan a warwatse, wani sama wani ƙasa. Ya ce, "To, ba sai kun faɗa ba. Wa zai zo ya taɓa mini R?"

Ba wanda ya motsa. Sai na ga motsi daga wajen randa. Yarinyar ta taso, ta tsallake masu barci, ta zo ta yi ɗage ta ɗora yatsa a kan R. Malam ya ce, "G fa?" Ta taɓa. "Y?" Ta taɓa. Ya juya mata ƙananan haruffa, ya haɗa b da d gefe da gefe, waɗanda har 'yan aji biyu ke rikitawa. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Wanda ya yi mata nisa, ya ɗaga ta ta taɓa.

Da muka fita bakin ƙofa ya ce da ni a hankali, "Malama, waƙa kika koya musu, kuma sun iya. Haruffa kuwa yarinya ɗaya ce ta sani."

Kunya ta kama ni, amma ba ita kaɗai ba. Abin da na daɗe ban yarda na gaya wa kaina ba shi ne haushinta na ji. Ni ban koya mata komai ba. Tana can baya ne tana kallon inda tsumagiya ke sauka tana haɗa shi da abin da bakina ke faɗa, alhali sauran suna ihu idanunsu na kan ƙofa. Kakarta ta gaya mini daga baya cewa a gida duk buhun taki da kwalin ashana sai ta bi rubutunsa da yatsa, ta zana a ƙasa da tsinke. Yarinyar da na yi wa dariya ita ce ta tona ni a gaban Malam, ba tare da ta ce uffan ba.

Ƙarshen shekarar karatu ya matso, Malam ya ce za a yi biki ranar wata Asabar. Za a gayyaci iyaye da mai unguwa, a ɗauko lasifika. Ajina zai fito da haruffa: kowane yaro ya riƙe kwali mai harafi ɗaya, ya matso gaba, ya faɗi sunansa da kalmar da ta fara da shi. Na yanka kwalayen taliya, na rubuta da shuɗiyar tawada. Malam da kansa ya zaro M ya miƙa wa yarinyar ya ce, "Wannan naki ne. M, mangwaro."

Muka shiga gwaji. Yaran suka haddace nasu cikin kwana uku. Ita kuwa in ta matso gaba ta ɗaga kwalinta daidai, ba a juye ba kamar na wasu, sai leɓɓanta su haɗe su ƙi rabuwa. Tana ƙoƙari, wannan na shaida. Bayan watanni na shiru, saboda Malam ya ba ta da hannunsa, ta yarda ta sake gwadawa. Wani lokaci "mangwaro" kan fito bayan dogon jira, wani lokaci ba ya fitowa sam, layi ya tsaya cak a tsakiya.

Sai aka ce wata jami'a daga ofishin ilimi za ta halarta. Ni kuwa takarduna suna can ofishin ana ce mini in jira. Ga surukata za ta zo da ƙannen maigidana, waɗanda tun farko suke cewa aikina reno ne ba malanta ba. Na riƙa hango layin nan ya tsaya a M, lasifika na ɗaukar numfashin yarinyar yana watsa wa unguwa, jami'ar tana duban agogo. Na san in na ce wa Malam a cire ta ba zai yarda ba. Don haka ban ce masa komai ba.

Ranar Alhamis da aka tashi, na tara yara na maimaita musu: jibi Asabar, da hantsi, kowa ya yi wanka. Suna watsewa sai ga tsohuwar ta zo ɗaukar jikarta. Ta sauke tire, ta kwance wani ƙulli ta baza mini. 'Yar riga ce da zane da ɗankwali na atamfa ruwan ganye. Na gane atamfar, zanen da take ɗaurawa ne ranar Juma'a.

Ta ce, "Malama, duba mini, wagga ta yi? Na ce tela shi rage nawa shi hidda mata. Ban taɓa zuwa bikin boko ba, ban san mi ake sawa ba."

Ban shirya abin da na faɗa ba, amma kuma bai yi mini wuyar fita ba. Na ce, "Ta yi kyau, Inna. Sai dai an ɗage bikin. Ba wannan Asabar ba ce kuma. In an sa rana zan aiko."

Ta ce, "Ayya! To Allah shi kai mu."

Yarinyar tana tsaye a tsakaninmu, kwalinta a ƙirji. Yanzun nan ta ji na ce jibi. Ta ɗago ta dube ni, ta juya wurin kakarta, ta sake dubana. Wuyanta ya ɗaga. "Ma-ma-ma—"

Na san abin da take son faɗa. Na kuma san kafin ta kai ƙarshensa na isa in bar wurin. Na zare kwalin daga hannunta na ce za a adana a ofis kada ruwa ya jiƙa, na ce, "Sai da safe, Inna," na shige aji. Cikin duk abin da na yi mata wannan ne ya fi tsaya mini. Na yi ƙarya a gaban mai shaida, na dogara da cewa bakinta ba zai iya tona ni ba.

Ranar Juma'a ba ta zo ba. Na bai wa 'yar maƙwabciyata M a kan nata harafin, ta haddace nan take.

Asabar gari ya waye garau, ba hadari. An shimfiɗa tabarmi, an jera kujerun roba a gaba. Malam yana duba layin yarana sai ya ce, "Ina mai M?"

Na ce, "Zazzaɓi take yi."

Ya ce, "Allah ya sawwaƙe. Na so kakarta ta gani."

Yarana suka fito suka yi abin da ba su taɓa yi ba a gwaji. Harafi na bin harafi, ba tsayawa. Aka yi ta tafi, wata mata ta rangaɗa guɗa. Jami'ar ta kira ni ta tambayi sunana ta rubuta. Surukata tana ta waige-waige don a san tata ce.

Lasifikar kuwa har kasuwa ana ji. Ɗakinsu tsohuwar lungu uku ne daga makaranta. Wallahi ban yi tunanin wannan ba sai da na ji muryar 'yar maƙwabciyata ta cika unguwa da "M, mangwaro". Ana cikin rabon alewa na ɗaga ido, ta wata ɓarakar darni na hango su. Tsohuwar tana tsaye da tirenta a ka, yarinyar ta manna fuska a jikin kara tana leƙe. Kayan gida ne a jikinta. Ba su shigo ba. Na sunkuya kamar ina gyara wa wani yaro hula, da na ɗago ba su nan.

Daga ranar aka shiga hutu. Kullum sai in ce gobe zan je. Lungu uku ne. In na fita unguwa sai in zaga ta bayan masallaci don kada in bi ta ƙofarsu. Ana haka na haihu.

Kwana uku da haihuwa, ɗaki cike da 'yan barka, sai na ji sallamarta. Ta shigo da kwanon gyaɗa ɓararriya, ta ajiye a gefen gado, ta karɓi jaririn ta yi masa addu'a doguwa. Ta tambayi jikina, ta ce in riƙa shan kunun kanwa da zafinsa. Ban iya haɗa ido da ita ba. Da za ta fita ta ce, "Ɗiyarki na gaishe ki." Na ce ina amsawa. Mata suna ta hira, ba wadda ta lura da komai. Na ce a raina in na yi arba'in zan je in durƙusa mata.

Da na yi arba'in na je, na tarar da ɗakin an zuba buhunan masara. Matar gidan ta ce sun tashi tun makonni biyu, ba ta tabbatar ko Sabuwa suka koma ko wani wurin ba.

Ranar da aka koma makaranta na sami Malam a ƙarƙashin darbejiya na gaya masa duka, har da kwaikwayon da na yi. Ya saurara har na gama. Can ya ce, "Kin ce mini zazzaɓi, ni kuma ban taka na duba ta ba. Nawa laifin ke nan." Na zaci zai sallame ni. Sai ya ce, "Ki koma ajinki. Yanzu kin fara sanin abin da ke cikinsa."

Na koma. Na jefar da tsumagiya, na riƙa warwatsa kwalaye a tabarma yara suna tsinta. Muka riƙa zana haruffa a yashi, muna murza su da laka. Ihu ya ragu, har wasu iyaye suka yi ƙorafin ba sa jin karatu daga waje. Bayan shekara guda takardar aikin gwamnati ta fito, aka tura ni Kankara, muka tashi gaba ɗaya. An ce jami'ar nan ce ta tuna da ni. Mutane suka yi ta zuwa murna, ina amsawa.

Shekaru sun kai shida ko bakwai. Wata rana na je gaisuwar rasuwa Faskari, a hanyar dawowa motarmu ta tsaya a Sheme direba yana neman cikon fasinja. Masu talla suka yanyame tagogi. Can gefen titi, ƙarƙashin wata rumfar buhu, na hango tsohuwa zaune da tiren gyaɗa a gabanta. Ta rame, ta ranƙwafa, amma ita ce. Na ce wa direba ina zuwa, na sauka kafin zuciyata ta ba ni wata shawarar.

Na durƙusa na gaishe ta. Idonta ɗaya ya yi fari. Ta karkato da mai ganin ta ce, "Wace ce?"

Na ce, "Malamar Faskari ce, Inna. Ta rabin aji."

"Ikon Allah! Malama! Ina yaron? Ya girma ko?"

Na ce ya girma, har ya yi ƙanne biyu. Na ce, "Inna, na zo neman gafara ne. Bikin nan ba a ɗage shi ba. Ƙarya na yi miki."

Ta ɗan yi murmushi tana gyara gyaɗa a gwangwani. Ta ce, "Ai na sani tun ranar. Tun a hanya ta fara gaya mini. Sai da muka kai gida, na sauke tire, na zauna, kana ta gama. Amma ta gama. Ni ina jiran ta."

Na ce, "To me ya sa kuka zo bakin darni?"

"Ita ta matsa. Na ce mu yi zamanmu, ba a son mu. Ta ce so take ta ga wa aka ba harafinta." Ta ajiye gwangwanin. "Da kin ce mini, Inna, bakinta zai ɓata mana shiri, da na ji zahi, amma da na gane. Kuma da kin tambaye ni da na gaya miki dabara. Yarinyar nan in waƙa take, ba ta sarƙewa ko kaɗan. Tana wanke-wanke tana rera haruffan nan naku tun daga farko har ƙarshe. Da kin sa ta rera nata."

Ban taɓa sani ba. Wata huɗu tana ajina, ban tambayi kowa komai a kanta ba.

Na tambayi karatunta. Tsohuwar ta ce shekara biyu ta ƙi yarda a kai ta kowace makaranta, in an matsa sai ta ɓuya a bayan rumbu. Daga baya ta yarda da Islamiyya, saboda a can tare ake karatu da murya ɗaya. Sannan ta shiga firamare, tana bayan sa'o'inta da aji biyu. Malaminsu na yanzu yakan bar ta ta rubuta amsa a allo. Ita ke karanta wa kakarta takardar magani, ita ke duba saƙon ubanta a waya.

Ta ce, "Nawa na yahe tun tuni, Malama, Allah shi yahe mana baki ɗaya. Nata kuwa ba ni da iko da shi. Ga ta can, ki tambaye ta."

Na juya. Wata yarinya doguwa cikin farin hijabi tana tsallako titi da tire, ta dawo daga jikin motoci. Ta iso ta ajiye tiren, ta dube ni da idanun nan. Ta rusuna ta gaishe ni da ka.

Na ce, "Kin gane ni?"

Ta gyaɗa kai.

Direba ya fara danna ham. Na ce, "Na yi miki dariya a gaban yara. Na karɓe harafinki na ba wata. Na yi wa Inna ƙarya kina tsaye. Ba ki yi mini laifin komai ba, kuma kin fi duk 'yan ajin nan sani. Ki yafe mini."

Ta sunkuyar da kai. Leɓɓanta suka fara motsi. Direba ya sake danna ham, wani fasinja ya leƙo ya ce, "Hajiya, rana fa tana yi!" Ban waiwaya ba. Ta runtse ido, ta ja numfashi, ta sake gwadawa. Can ta ce, "Ba komai."

Abin da kowace yarinya mai tarbiyya za ta ce wa babba ke nan in ya durƙusa a gabanta a bakin titi. Na dubi fuskarta ko zan ga wani abu bayan wannan, ban gani ba. Ta ɗauki tirenta, don wata motar ta tsaya, ta nufe ta. Har yau ban san ko ta yafe ba, ko kuwa hanya ta ba ni in wuce.

Na yi sallama da tsohuwar. Ta cika mini leda da gyaɗa, na ƙi, ta rantse sai na kai wa yara. Na koma mota fasinjoji suna ta tsaki. Na matsa can baya kusa da wani dattijo mai buhun barkono a tsakanin ƙafafu. Da muka hau hanyar Kankara ya ce, "'Yan'uwa ne kika gani?"

Na ce, "A'a, Baba. Ɗalibata ce, tun tana rabin aji."

Ya jinjina kai ya ce, "Allah sarki. Shekara da shekaru ba ki manta ta ba. Irinku ake so a makarantu, Allah ya saka miki da alheri."

Sauran fasinjoji suka ce amin. Na juyar da fuska wajen taga, ban gyara masa ba.